Abubuwan da ya kamata ka sani game da ci, sha da motsa jiki a ƙasar Haɗeja

Da an sallame sallar asuba a Haɗeja, mutanen sahu ɗaya sukan rabu gida biyu. Wani ya saɓa fartanya ko ya ɗauki lauje ya nufi fadama, ba zai ga inuwa ba sai la'asar sakaliya. Wani kuma ya koma gida ya ɗan kishingiɗa, ya tashi ya karya da shayi da burodi, ya hau babur zuwa shago ko ofis, ya zauna a benci har magariba. Wata rana su biyun suna iya haɗuwa a layi ɗaya a Babban Asibitin Haɗeja, ɗaya da ciwon ƙoda, ɗaya da hawan jini ko ciwon suga, kowa yana mamakin ta inda abin ya ɓullo masa.

Shawarar da ake yawan ji a rediyo, cewa a riƙa motsa jiki a kuma ci abinci mai kyau, gaskiya ce, sai dai an ɗinka ta kamar riga ɗaya da ake son ta shiga kowa. Wanda ya wuni yana dashen shinkafa a Auyo, ko yana jan koma a ruwan Guri, ba gudun safe ne ya rage masa ba. Ita kuwa uwargidan da ke cikin gari, wadda inji ya karɓe mata daka da niƙa, nata lissafin daban ne. Abin da ya haɗa su shi ne kwanon abinci, kuma a nan ne ƙasar Haɗeja take da arzikin da wurare da yawa ba su da shi.

Ma'aunin motsa jiki, da yadda za ka san ka cika shi

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ƙa'idarta. Baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan aƙalla kwana biyu a mako ya yi aikin da ke sa tsoka ta ja nauyi. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 17, awa guda kullum. Wanda ya kai 65 kuma a ƙara masa atisayen da zai hana shi tangaɗi da faɗuwa, kwana uku a mako.

Ba sai da na'ura ake gane matsakaici ba. Idan kana tafiya kana iya hira da abokin tafiyarka, amma numfashi ba zai bar ka ka rera waƙa ba, to ka hau kan ma'auni. Idan kalma biyu ko uku kawai kake furtawa sai ka ja iska, ka shiga mai tsanani.

Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar a mako, kuma sabuwar ƙa'idar ta cire tsohon sharaɗin cewa sai motsi ya kai minti goma a jere kafin a ƙirga shi. Ke nan mutumin da ya zaɓi masallacin da ke da nisan minti uku da sassarfa, zuwa da dawowa sau biyar, ya haɗa minti 30 a wuni ba tare da ya sayi takalmin gudu ba. Zancen taku 10,000 da wayoyin hannu ke ƙirgawa kuwa, asalinsa talla ce: wani kamfani a Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, ya raɗa mata suna da wannan adadi. Wani babban nazari da aka buga a 2022 ya nuna cewa ga mai shekara 60 zuwa sama, amfanin yana ƙaruwa har zuwa taku 6,000 zuwa 8,000 a rana, ga wanda bai kai ba kuma 8,000 zuwa 10,000. Dattijo kada ya karaya don bai kai dubu goma ba.

Mai zaman shago, ofis da majalisa

Ƙasar Haɗeja shimfiɗe take kamar faifai, babu hawa babu gangara, wuri ne da aka yi domin keke. Iyayenmu da keke suke zuwa Malam Madori su dawo, ana kuma ganin girman mai Raleigh a lokacin. Yau babur da adaidaita sun karɓe hanya, har ta kai magidanci yana jin nauyin a gan shi a kan keke, kada a ce ya karye. Wannan kunya ba ta da tushe, kuma tana da tsada. Haka ma kallon da muke yi wa tumbi a matsayin alamar hutu da samun wuri. Kitsen da ke taruwa a ciki shi ne ya fi kowane kitse jawo ciwon suga da hawan jini.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ɗauki igiya ka auna tsawonka daga ƙafa zuwa ka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka, daidai saman cibiya kaɗan. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, kewayen cikinka ya wuce rabin tsawonka, lokacin gyara ya yi.

Gyaran kuma yana aiki. A Amurka an taɓa bibiyar mutum 3,234 da sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Aka sa kashi ɗaya tafiyar minti 150 a mako da gyaran abinci domin su rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin 100 cikin kusan shekara uku, fiye da na waɗanda aka ba ƙwaya. Mai kilo 90, kilo shida ake nufi. Wanda sana'arsa ta zama ce ya riƙa miƙewa duk bayan rabin awa ko awa, ya kuma ɗan taka na minti goma bayan tuwon dare maimakon ya wuce kai tsaye kan tabarma, domin tsokar da ke motsi tana zuƙe sugan da abinci ya zuba a jini.

Manomi da masunci: aikin ƙarfi, zafin rana da ƙoda

A nan nake son mai karatu ya fi tsayawa. Mun saba ɗauka cewa wanda ke noma ya gama da maganar lafiyar jiki, tunda gumi yake yi daga safe har yamma. Lamarin bai kai haka sauƙi ba. A 2021 masu bincike a Danmak sun buga abin da suka gani bayan bibiyar mutum 104,046 na kimanin shekara goma. Motsa jikin da mutum ke yi a lokacin hutunsa ya rage haɗarin ciwon zuciya da mutuwa, amma aikin ƙarfi na neman abinci bai ba da wannan kariya ba, har ma waɗanda aikinsu ya fi nauyi haɗarinsu ya ɗara. Dalilin da ake bayarwa shi ne aikin sana'a yakan ɗauki awanni a jere, zuciya na bugawa da sauri babu sararawa, ga ɗaukar kaya da sunkuyo, ga rashin isasshen hutun da jiki zai murmure. A ƙasa mai sanyi ke nan. To ina ga Afrilu da Mayu a fadamar Haɗeja, lokacin da zafi ke haura maki 40, lokacin kuma da ake kan ban-ruwa da girbin rani?

Babu Bahaɗejen da ke buƙatar a ba shi labarin ciwon ƙoda. Daga Haɗeja zuwa Nguru har Gashuwa, garuruwan da ke bin wannan ruwa sun daɗe suna kukan yawansa, jaridu sun rubuta, gwamnatin Yobe ma ta ɗauki nauyin bincike a kai. Ana duba ruwan sha, ana duba magungunan feshi da sauran abubuwa. Amma akwai darasin da aka riga aka koya a wasu ƙasashe. A Nikaraguwa da El Salbado dubban masu saran rake, yawancinsu matasa marasa hawan jini ko suga, sun mutu da ciwon ƙoda. An ga irinsa a tsakanin manoman shinkafa na arewa ta tsakiyar Siri Lanka. A wajen masu saran raken, abin da masana suka fi nuna wa yatsa shi ne aiki mai tsanani cikin zafi da bushewar jiki, yau da gobe, har ƙoda ta gaji. Da wani babban kamfanin rake a Nikaraguwa ya tilasta abu uku, wato ruwa a kusa, hutu a kan lokaci da inuwa, raunin ƙoda a tsakanin ma'aikatansa ya ragu ƙwarai.

Abu ukun nan ba su fi ƙarfin kowane mai gona ba. A fita da duku-duku, a saki aiki mai nauyi tsakanin sha biyun rana da ƙarfe uku. A kafa rumfa a bakin gona, ko da karan dawa ko da kachalar nan da ta toshe mana magudanan ruwa. A ajiye jarkar ruwa mai tsabta a inuwa, a riƙa shan kamar kofi ɗaya duk bayan minti 15 zuwa 20 idan ana aiki cikin rana, ba sai ƙishi ya kama ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Fitsari shi ne ɗan rahoto: idan ya fito kaɗan, launinsa kamar baƙin shayi, jiki ya bushe, idan rawaya ne mai haske, ana kan daidai. Mai gonar da ya ɗauki 'yan ƙwadago ya sani cewa ruwa da inuwa haƙƙinsu ne a kansa, kamar kuɗin aikinsu. Wanda likita ya riga ya ce yana da ciwon ƙoda ko na zuciya kuwa, adadin ruwan da likita ya yanka masa shi zai bi.

Sai abin da ya fi tayar mini da hankali, wato haɗin ƙwayoyin ciwon jiki. Mutum ya dawo daga gona jiki ya yi tsami, ya biya kemis ko wurin mai tallar magani a faranti, a ƙulla masa ƙwaya huɗu ko biyar a leda ya kora da ruwa, gobe ma haka. A irin wannan haɗi sau da yawa akwai diklofenak ko ibuprofen, wani lokaci duka biyun. Waɗannan suna rage jinin da ke isa ƙoda, kuma sun fi yin ɓarna daidai lokacin da jiki ya bushe. Idan aka ɗora jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, da lemon ƙara kuzari na gwangwani, an tara wa ƙoda abokan gaba uku a dare ɗaya. Haka nan robar maganin feshi, ko an wanke ta sau goma, kada ta zama gorar ruwan sha.

Iyo a kogi

Iyo motsa jiki ne mai kyau, yaran bakin kogi kuma da shi suka tashi. Matsalar ita ce ruwa mai kwanciya da ciyayi, irin wanda kachala ta rufe, gidan ƙananan dodon koɗi ne masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar tana ratsa fata ne, ba sai an sha ruwan ba. Fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce, ciwo ne, kuma idan ya daɗe yana lalata mafitsara har ya taɓa ƙoda. Akwai maganinsa, firazikwantel, wanda ake rabawa a makarantu. Idan masu rabon sun zo, a bar yara su karɓa.

Matan cikin gida

Turmi da taɓarya, dutsen niƙa da guga sun kasance suna motsa kowace gaɓa ta jikin iyayenmu mata. Injin niƙa da famfo sun sauƙaƙa wannan wahala, kuma babu mai hankalin da zai so a koma baya. Sai dai a cikin gari an samu mata da yawa da duniyarsu ta zama ɗaki, tsakar gida da madafa, ga haihuwa a kai a kai, kowace haihuwa tana barin nata nauyin. A ƙauye kuwa akasin haka ne: ga surfe, ga itace, ga ɗiban ruwa, ga raino, abincin kuma ita ce ta ƙarshen ci.

Tsakar gida ta isa filin motsa jiki. Zagaye da sauri na minti goma da safe da yamma, tashi da zama daga kujera sau goma zuwa goma sha biyar, ɗaga galan mai ruwa, tsallen igiya ga mai iyawa, ko shiga gaɗa tare da 'yan matan gida. Mai juna biyu ma ƙa'idar ta ba ta minti 150 a mako na motsi matsakaici, muddin ma'aikatan awon ciki ba su hana ta ba. Maigida yana da hannu a nan, domin kalma ɗaya ta zolaya daga bakinsa tana iya sa ta daina.

Dole a ambaci magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata da amare ke sha don su ciko. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke tara ruwa da kitse a fuska da ciki, ya hau da suga da jini, ya kuma raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wannan kumburi ne ake saye da kuɗi.

Yadda shinkafa ta ture gero daga kwano

Abincin wannan yanki ya sauya ne tare da ruwansa. Bayan an kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamu ta canza hali, noman rani da injin ban-ruwa suka bunƙasa. A Janairun 2023 aka buɗe aikin ban-ruwa na kwarin Haɗeja da ke Auyo bayan an gyara shi an faɗaɗa shi, fili sama da hekta 5,000, a Nuwamban shekarar kuma a ƙasar Haɗeja aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na ƙasa baki ɗaya. Wannan alheri ne ga aljihun manomi. A kwano kuwa, shinkafa da taliya da burodi sun zama abincin safe, rana da dare a gidaje da yawa, gero da dawa suka koma abincin wanda ake ganin bai samu ba.

Farar shinkafar da inji ya goge tas, da farar fulawa, an raba su da dusarsu, don haka suna narkewa da wuri su cika jini da suga, yunwa kuma ta dawo da wuri. Gero da dawa, musamman idan ba a tsananta surfe ba, suna riƙe ciki, suna da ƙarfe da sauran sinadarai. Ba banza Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa ba. Ita ma shinkafar gida da aka turara kafin a cashe ta ta fi wadda ba a turara ba riƙe sinadaranta, domin turarin yana tura su daga dusa zuwa cikin ƙwaya.

Ba cewa ake a daina cin shinkafar da muka noma da hannunmu ba. A gyara rabon ne. Idan garau-garau za a yi, wake ya kusa kai yawan shinkafa, a yanka kabeji ko latas da tumatir da albasa a kai, a sassauta mai. Idan tuwo ne, mai cin malmala uku ya koma biyu, miya ta yi kauri da ganye. A dawo da tuwon dawa da na gero, da burabusko, da dambu mai zogale, da fate mai rama ko yakuwa, da ɗanwake, ko da sau uku ne a mako. Fura da nono cikakken abinci ne ga mai aikin ƙarfi, abin da ke ɓata ta shi ne cokulan sukarin da ake zubawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. A lokacin rani wannan ba wuya a Haɗeja, tunda ga tumatir, tattasai, karas, alayyafo da kankana jibge a kasuwa. Da damina ga tafasa, ga rama, ga zogale, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Tsakanin lokutan biyu akwai kuka, busasshiyar kuɓewa da kauɗa. Goruba, aduwa, magarya da kanya, da muke bar wa yara da almajirai, sun fi biskit da alewa nesa ba kusa ba. Abin takaici, riɗin da Jigawa ta yi suna da shi yana bin manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa, ya tafi Japan da Sin da Turkiyya, inda ake girmama shi saboda lafiyar mansa, mu kuma mu karɓi kuɗin mu sayo abin da bai kai shi ba. Manomin da zai sayar da buhu goma ya ajiye kwano biyu don miyar gidansa.

Gishiri, dunƙule da kanwa

Iyakar da aka gindaya ita ce ƙasa da giram 5 na gishiri a wuni, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke ɓoye a cikin abinci. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne. Ga farin magi, ga yajin tsire da na ɗanwake, ga ƙullin da ke cikin indomi, ga burodi. Tukunya ɗaya sai ta sha dunƙule biyar, a ƙara gishiri, sannan mai ci ya barbaɗa yaji. Gishiri idan ya yi yawa yana riƙe ruwa a jijiya, jini ya hau, hawan jini kuma shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki, yana kuma cikin manyan masu kashe ƙoda. A rage sannu a hankali, dunƙule ɗaya a mako, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, masoro da garin busasshen kifi suna mayar da ɗanɗanon.

Kanwa ma 'yar gidan gishiri ce, sinadarin da ke hawar da jini yana cikinta. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa, wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken baya-bayan nan a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, har da ƙarancin wani sinadari a jiki, amma hakan bai wanke kanwa ba. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, ko numfashi ke yi mata wuya idan ta kwanta, asibiti za a kai ta a ranar, ba ƙarin kunu ba.

Sukari a kofi

Shawarar ita ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga baligi, cokalin shayi 12 ke nan, kuma rabin haka ya fi. Baƙin lemon kwalba da aka sani yana da kusan giram 10 a kowane mililita 100, don haka robar santilita 50 ita kaɗai ta cinye kason wuni. Harajin naira 10 a kan kowace litar lemo da gwamnatin tarayya ta sa a dokar kuɗi ta 2021 bai hana kowa sha ba. Sai kuma shayin mai shayi da na samari a majalisa, wanda ake dafawa zagaye uku, kowane zagaye da nasa sukarin.

Zoɓon da ake nomawa a Jigawa, ake kai shi har Meziko, yana da nasa labarin. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2010, mutanen da jininsu ya fara hawa sun sha kofi uku na ruwan zoɓo kullum na mako shida, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7. Amma zoɓon ƙullin leda da aka cika da sukari da kayan ƙamshi na kanti lemo ne kawai mai jan launi. A dafa shi da citta da kanumfari, a sa sukari kaɗan ko a bar shi haka. Kuma ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta.

Kifi da wake, da abin da ake zuba musu

Kasuwar kifi ta Haɗeja tana ciyar da garuruwa har kudancin Najeriya. Tarwaɗa, karfasa, bargi, kurungu: nama ne mai sauƙin kitse, ya fi jan nama dacewa da zuciya, kuma farfesu ko gashi ya fi suya a man da aka maimaita har ya yi baƙi. Ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu suna ƙarfafa ƙashi.

Haɗarin yana wurin ajiya. Wasu na fesa wa banda da wake maganin ƙwari irin su Sniper da fiya-fiya don kada su yi ƙwari. Saboda ragowar wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Abin da Turawa suka ƙi, mu ne muke ci. Bandar da ke warin magani, ko wadda ƙuda ba ya ko kusantarta a tsakiyar kasuwa, a bar ta. Wake kuma buhun nan mai leda biyu a ciki da ba ya shan iska, ko jarka mai murfi da aka cika ta taf, yana kashe ƙwari ba tare da ɗigon magani ba.

Yara

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Wannan a jihar da ke fitar da wake, riɗi, gyaɗa da kifi. Nonon uwa zalla na wata shida, ba ruwa ba jiƙo, sannan kunun da za a fara ba yaro kada ya zama ruwan koko kawai: a haɗa gero da waken suya da gyaɗa a soya a niƙa, a riƙa sa garin kifi, ƙwai ko zogale. Ga waɗanda suka tasa, langa, kokawa, ƙwallo da 'yar gala-gala sun isa su cika awa gudan nan, in dai waya ba ta riƙe su ba.

Azumi

A shekarun nan azumi yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu, wani lokaci cikin tsakiyar zafi. A buɗe baki da ruwa da dabino ko kankana, a yi sallah, sannan a ci da natsuwa, a rage soye-soye. A rarraba shan ruwa daga magariba zuwa sahur, kada a bar sahur. Manomi ya mayar da aiki mai nauyi sassafe. Hadisin da ya raba ciki gida uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, kowa ya san shi, a watan nan ne kuma aka fi saɓa masa. Mai ciwon suga, ƙoda ko hawan jini ya ga likitansa tun cikin Sha'aban don a daidaita masa magani.

Abin da ido ba ya gani sai an auna

Hawan jini ba ya sallama. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna kusan rabin masu ɗauke da shi a duniya ba su san suna da shi ba, ƙoda kuma tana iya rasa kaso mai yawa na ƙarfinta kafin ƙafa ta kumbura. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko sama, idan an maimaita a ranaku daban-daban, hawan jini ne. Sugan da aka auna kafin karin kumallo, idan ya kai 7.0 a ma'aunin asibitocinmu, wato 126 a ɗaya ma'aunin, yana nuna ciwon suga, sai a sake gwadawa a tabbatar. Gwajin fitsari mai sauƙi yana nuna ko ƙoda ta fara yoyo. Wanda aka ɗora a kan ƙwayar hawan jini kada ya daina don ya ji sauƙi, ƙwayar ce ta kawo sauƙin.

Ko kana cikin masu fita fadama da asuba, ko kana cikin masu zaman shago, idan ka haura shekara 30 kuma rabonka da awo ya fi shekara, ka biya asibitin da ya fi kusa da kai a wannan makon a auna jininka da suganka, a duba fitsarinka. Ka tafi da uwargida, ita ma a auna ta.